Ana Buƙatar Madogara

Shekara talatin da ɗaya na yi a tashar jirgin ƙasa ta Gombe,
ina ɗaga tuta, ina sauke tuta.
Na san kukan kowane kan jirgi tun bai ɓullo ba.
Yau dogo ya yi tsatsa, awaki ke kiwo tsakanin ƙarafa,
ni kuwa jikana ya bar mini tsohuwar waya
mai faso a kusurwa kamar dugadugin manomi.

A cikinta na tarar da kundin sani,
wanda aka ce kowa na iya sa hannu.
Na nemi tasharmu. Layi uku kacal!
Layi uku, ga wurin da ya cinye ƙuruciyata.
Na gyara zaman tabarau, na yi bismilla,
da yatsa ɗaya, kamar kaza na tsintar gero,
na rubuta auduga, na rubuta gyaɗa,
na rubuta shekarar da ruwa ya yanke dogo
muka kwana tara ba jirgi.

Da safe na iske an liƙa wa maganata wutsiya:
ana buƙatar madogara.

Madogara? Ai ni ne madogarar!
Wa ya tsaya cikin ruwan nan har gwiwa in ba ni ba?
Haka na rubuta, da zafi, ko sallama babu.

Amsa ta zo bayan isha'i.
Dudu Hammajo, ma'aikaciyar jinya a Kumo,
tana rubutu tsakanin allura da allura,
ba mai biyanta ko sisi.
"Baba, sannu da ƙoƙari. Ban ƙaryata ka ba.
Sai dai mai karatu a Agadas bai san fuskarka ba,
ba zai zo zaurenka ya tambaye ka ba.
Nuna masa hanya ya je rijiyar da ƙafarsa."

Kwana biyu ina cika ina batsewa.
Na uku na koma da tambaya, ita kuwa ba ta ƙosa ba:
ina ake latsawa,
me ya sa wannan suna ya yi ja,
ina ƙugiyar ƙa da ɗa ta ɓuya a wayar nan?
Ran nan na share rabin shafi bisa kuskure, gumi ya karyo mini.
Ta ce, "Kwantar da hankali, nan ba a mantuwa,"
ta maido shi kafin shayina ya huce.
Bappayo, mai gyaran babur a Jekadafari,
shi ya koya mini ɗora hoto,
sau huɗu yana maimaitawa, bai ce mini tsoho ba.

Ranar Juma'a na jawo adaka daga ƙarƙashin gado.
Kyankyasai suka watse.
Takardar fansho, hoton marigayiya, tsohon usur,
can ƙasa jarida, ta koma launin kunun tsamiya.
Ga dogo cikin ruwa, ga mu tsaye da wanduna a naɗe.
Na duba kwanan wata.
Na goge tabarau, na sake dubawa.

Ashe na zame da shekara biyu cur.
Kwanakin ma shida ne.
Ukun nan ni na ƙara a majalisa, sannu a hankali,
yadda ake ƙara wa miya ruwa in baƙi sun yi yawa.

Da hannuna na gyara. Wutsiyar ta faɗi.
Na shaida wa Dudu, ina jin nauyi.
Ta ce, "Madalla, Baba. Bari in je, an kawo mai naƙuda."

Jiya wani yaro daga Nafaɗa ya faɗo da zafi,
an taɓa masa rubutu kan kwalekwalen kakansa.
Ko sallama babu.
Dudu na bakin aiki, wayar Bappayo ba caji.
Na daɗe ina kallon tambayar.
Sai na ɗaga yatsan nan ɗaya:
"Ɗana, sannu da ƙoƙari. Ban ƙaryata ka ba.
Gidanku akwai adaka?"